Fashin Baƙi: Me Ke Hana Birkin Babur Ƙirar Kuruza Ci, Kuma Daga Ina Ake Fara Gyara?

Babur ƙirar kuruza shi ne dogon nan mai kujera ƙasa-ƙasa, wanda mahayinsa ke zama a ɗan kishingiɗe, ƙafafu a miƙe gaba, hannuwa a buɗe. Gidansa Amurka. Harley-Davidson na garin Milwaukee da kamfanin Indian ne suka kafa fasalinsa, daga baya kamfanonin Japan suka bi sahu da irin su Honda Shadow, Yamaha V-Star, Kawasaki Vulcan da Suzuki Boulevard. Don dogon titi da tafiyar ƙasaita aka yi shi, ba don tsere ba, kuma hakan ya nuna a birkinsa. Da yawa daga cikinsu, musamman tsofaffin da ake shigo mana da su na hannu, faifan birki ɗaya tak gare su a gaba. Wasu ma, irin Shadow 750 da V-Star 650, birkin bayansu na ganga ne mai takalmi a ciki, irin wanda muka sani a ƙananan babura. Ga kuma nauyi. Shadow 750 ya kai wajen kilo 250, Fat Boy na Harley ya haura 300, alhali Boxer ɗin da ake acaɓa da shi bai kai 130 ba. A ɗora mahayi, a ɗora goyo, a rataya jakunkuna biyu a gefe, sai abin da ake son birkin ya tsayar ya doshi rabin tan.

Shi ya sa kusan duk mai irin wannan babur yake da ƙorafi guda: birki ba ya ci yadda yake so. Shawarar da aka fi ba shi kuwa ita ce ya sayo manyan kaya, kalifa (ƙarfen da ke cafke faifan birki) mai fistin shida, faifai mai faɗi, komai yana walƙiya. Ni dai ina ganin an faro zancen daga ƙarshe. Abubuwan da suka fi rage nisan tsayuwa su ne masu arha, waɗanda ba wanda zai gani a jikin babur ya yaba, kuma su ne aka fi yin sakaci da su.

Sai an fahimci abin da ke faruwa idan aka taɓa birki sannan sauran bayanin zai zauna. Aikin birki shi ne rage juyawar wili. Amma abin da ke riƙe ƙasa ya tsayar da babur, taya ce, ita ma ɗan wurin nan da ke taɓa kwalta wanda bai wuce faɗin tafin hannu ba. Da zarar ka matse, nauyin babur da naka yana komawa gaba. Tayar gaba ta ƙara danne ƙasa ta sami riƙo, ta baya kuma ta yi sauƙi. A gajerun baburan tsere abin yakan kai har tayar baya ta ɗaga sama. Kuruza dogo ne, nauyinsa kuma a ƙasa yake, don haka bayansa ba ya sakin ƙasa haka, birkin bayansa yana aiki fiye da na sauran babura. Wannan falala ce, sai dai ita ce ta haifar da mummunan sabo: masu kuruza da yawa fedar baya kaɗai suke takawa, su bar hannun gaba yana hutu. A makarantun koyon tuƙin babur na Amurka ana koyar da cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayuwa daga gaba yake fitowa. A kuruza rabon baya yakan ɗan ƙaru, amma har gobe gaba ne ke da rinjaye.

Sai batun gudu, wanda lissafinsa ba ya bin tunanin mutum. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayuwa sau huɗu yake ninkawa. Mai tafiyar kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowane daƙiƙa guda. Kafin ido ya gani, kai ya yanke shawara, hannu ya kai ga birki, wannan mita 28 ɗin ta tafi. Daga nan gwani a busasshiyar kwalta yana buƙatar mita 40 da wani abu. Duk gyaran da za a yi, a cikin wannan mita arba'in ɗin ake neman ragi.

To, taya ce farko. Ba zane kawai ake dubawa ba. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe, ta yi tauri, ta daina manne wa kwalta, kuma manyan babura sun fi kowa faɗawa wannan tarko don ba kullum ake hawansu ba. Za ka ga taya zanenta raɗau kamar jiya aka sa ta, alhali shekarunta tara. Durƙusa ka duba gefenta, akwai layin rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, a mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta. Kamfanin taya na Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya ga masani duk shekara idan ta kai shekara biyar, kuma kada ta wuce goma ko yaya take da kyau a ido. A zafin rana irin na Sakkwato ko Maiduguri ni ba zan jira goma ba. Iska kuma da geji ake auna ta, taya tana sanyi, bisa abin da kamfani ya rubuta a jikin babur, ba da bugun ƙafa ba. Wanda kuma ya sa siririyar tayar gaba mai inci 21 don ado, ya sani ya rage wa kansa riƙon ƙasa a daidai wurin da ya fi buƙatarsa.

Man birki shi ne na biyu, kuma a nan gizo ke saƙar. Wannan man yana aiki ne saboda ruwa-ruwa ba ya matsuwa: ka matse a hannu, ƙarfin ya bi tiyo ya isa fistin bai ragu ba. Matsalar ita ce ire-iren man da ake kira DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 duk suna zuƙar laima daga iska a hankali, ko da murfi a rufe yake. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyos. Idan ya sha ruwa kaɗan, wannan mizani yana iya sauka zuwa wajen 155. Birkin babur mai nauyi da ke saukowa doguwar gangara, irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, yana iya ɗumama man har ya tafasa. Da ya tafasa sai tururi ya taru a ciki, tururi kuwa yana matsuwa. Sai mutum ya ja hannun birki ya ji ya tafi har jikin roba ba tare da ya kama komai ba. Abin da ake kira birki ya shanye ke nan, kuma ba ya sallama kafin ya zo.

Buɗe murfin ɗan tankin da ke kan hannun dama ka leƙa. Sabon mai garau yake, da ɗan rawaya-rawaya. Idan ka tarar ya koma ruwan ƙasa ko ya yi baƙi, da ɗan dauɗa kwance a ƙasan tankin, ya gama aiki tuni. Ƙa'idar da yawancin kamfanoni suka bayar ita ce a zubar a sa sabo duk shekara biyu, ko an hau babur ko ba a hau ba. Kada a ɗauki wannan da wasa. A shekarar 2018 Harley-Davidson ta yi kiranyen babura kusan 175,000 a Amurka, ƙirar 2008 zuwa 2011 masu ABS, wato na'urar da ke hana wili kullewa, saboda tsohon man da ba a canza ba yana tara dauɗa har ya maƙale wani bawul a cikin na'urar, birki ya ƙi aiki. Maganin da aka yi musu shi ne wanke layin da zuba sabon mai. Man da kuɗinsa bai kai na cika tanki sau biyu ba shi ne ya jawo wannan duka.

Akwai kuma wani ruɗani da ya shafi masu Harley musamman. DOT 5 daban yake da sauran, da silikon ake yinsa, yawanci launinsa shunayya ne, kuma ba ya haɗuwa da DOT 4 ko DOT 5.1 duk da kusancin lamba. Harley ta daɗe tana amfani da shi kafin ta koma DOT 4 a tsakiyar shekarun 2000. Bakaniken da ya saba da motoci zai iya ɗauko abin da ke kusa ya ƙara maka, su cakuɗe su ɓata layin gaba ɗaya. Abin da aka rubuta a kan murfin tankin shi ne doka. Bayan an zuba, a fitar da iska tsaf, har sai hannun birki ya yi tauri tun daga farkon matsa. A kuma kiyaye kada DOT 4 ya ɗiga a kan fenti, yana cinye shi.

Daga nan sai takalmin birki na faifai, wanda makanikai ke ce wa fad. Idan ana neman canji guda ɗaya da hannu zai ji nan take, shi ne wannan. Akwai mai laushi da ake haɗawa da zare da danƙo, ba ya ƙara, ba ya cin faifai, amma yana sanyin gwiwa idan ya ɗau zafi. Akwai kuma wanda ake yi da garin ƙarfe, galibi tagulla, a matse shi a gasa har ya dunƙule. Wannan yana cizo sosai, yana jure zafi, yana aiki ko a cikin ruwan sama. A bayan fad ɗin ko a kwalinsa za ka ga haruffa biyu, kamar GG ko HH. Suna nuna ƙarfin kamu ne, na farko a matsakaicin zafi, na biyu a babban zafi, kuma H ya fi G. Ga babur mai nauyi da faifai ɗaya, HH a gaba daga kamfani sananne irin EBC, Brembo, SBS ko Galfer shi ne zaɓina. A baya kuwa ba na son mai cizo da yawa, musamman idan babu ABS, don ƙafa ba ta da lissafi irin na yatsu, kuma tayar baya ta fi saurin kullewa. Sai dai a duba ko faifan na jure fad na ƙarfe, don yana cin sa fiye da mai laushi.

Sabon fad ba ya ci sosai ranar da aka sa shi. Sai an zaunar da shi: a sami hanya marar cunkoso, a riƙa ɗaukar matsakaicin gudu ana ragewa da ɗan ƙarfi ba tare da tsayawa cak ba, a maimaita sau da dama, sannan a bar shi ya huce ana tafe. Wanda ya ƙona shi tun ranar farko zai cire ya ga fuskarsa tana sheƙi sumul, ta daina kamu. Kuma yayin da aka kwance kalifa, a wanke fistin ɗin, a shafa wa ƙusoshin da take zamewa a kai man da ya dace. Ƙurar hunturu da tsatsa suna maƙale su, sai ka ga fad ɗaya ya cinye ɗayan yana nan sabo. Irin wannan birki rabin aikinsa yake yi, kuma sabon kaya ba zai gyara shi ba, wanki yake so.

Tiyo ma yana tsufa. Riƙe tiyon roba na gaba da hannun hagu, ka matse birki da dama iya ƙarfinka. Idan tsoho ne za ka ji yana ɗan kumbura a tafinka. Wannan kumburin ƙarfin hannunka ne ke zurarewa a hanya. Yamaha na rubuta wa masu baburanta su canza tiyon birki duk shekara huɗu, amma nawa ne ke yi? Tiyon da ake saƙa wa rigar waya ta ƙarfe marar tsatsa, cikinsa wata irin roba mai suna Teflon, ba ya kumbura haka. Gaskiyar magana, ba ya ƙara wa birki ƙarfi can-can. Abin da yake bayarwa shi ne ji: duk abin da yatsu suka yi, taya ta amsa nan take, kuma da wannan jin ne mahayi ke gane ya kusa kulle taya. Wanda ya ɗaga kan baburinsa sama ya tabbatar tsawon tiyon ya isa, ba ya ɗaurewa idan an juya kai har ƙarshe.

Shokazoban gaba ba a cika sa shi a lissafin birki ba, kuma kuskure ne. Na kuruza yawanci laushi gare shi don daɗin zama. Idan aka matse birki da ƙarfi sai ya nutse har ya ƙure, daga nan duk ɗan gargadar da taya ta taka sai ta yi tsalle ta saki ƙasa. Sabon mai a ciki da sifirin da ya dace da nauyin mahayi suna magance wannan. Idan kuma sil ɗinsa, wato robar da ke tare mai, yana yoyo, man yana gangarowa kai tsaye kan faifai da fad. Fad ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa, sai dai a jefar.

Sai bayan duk waɗannan ne maganar manyan kaya take da muhalli, kuma ba na musun amfaninsu. Faifai mai faɗi yana kama wili daga nesa da tsakiya, don haka da ƙarfin hannu iri ɗaya yana tsayarwa fiye da ƙarami, yana kuma zubar da zafi da sauri. Kowane faifai yana da mafi ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsa, idan ya cinye ya wuce nan ba gyara sai canji. Kalifa mai fistin huɗu tana danna fad daidai ta ɓangarori biyu, ta fi tsohuwar mai fistin ɗaya nesa ba kusa ba. Harley da kanta ta koma fistin huɗu a shekarar 2000, sannan ta sa birkin Brembo a manyan baburanta na doguwar tafiya daga 2008. Mai tsohon ƙirar da ta gabaci wannan, shi ne wanda sayen sabuwar kalifa zai fi yi wa rana.

Amma akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa: kalifa da masta, wato famfon da ke jikin hannun birki, tare suke aiki, kuma faɗin fistin ɗinsu ne ke raba ƙarfi. Masta mai ƙaramin fistin yana ba da matsi mai yawa da ɗan ƙarfin hannu, sai dai hannun birkin yana tafiya da nisa. Mai babban fistin yana sa hannun ya yi tauri kamar icce, mutum ya zaci birkinsa ya yi kyau, alhali ƙarfin da ke isa faifai ya ragu. Shi ya sa a Harley na shekaru da dama masta mai inci 9/16 ake sa wa faifai ɗaya, mai 11/16 kuma faifai biyu. Wanda ya ƙara faifai na biyu ya bar tsohon masta, hannun zai iya kaiwa jikin roba kafin birki ya gama kamawa. Wanda ya yi akasin haka zai riƙa matsa da dukkan yatsu babur yana tafiyarsa. Wannan aikin na wanda ya san lissafinsa ne. Kuma kowane ƙarfi aka ƙara, idan ya wuce abin da taya za ta iya riƙewa, kulle ta kawai zai yi.

A nan ABS ya shigo. Na'ura ce da ke lura da juyawar kowane wili, da ta ga yana shirin kullewa sai ta sassauta matsi ta mayar, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. BMW ce ta fara sa ta a babur na kasuwa a 1988. Tarayyar Turai ta wajabta ta a sababbin ƙirar da suka haura cc 125 daga 2016. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta fitar da bincike a 2021 da ya nuna baburan da ke da ita shigarsu haɗarin da ake rasa rai ta ragu da kashi 22 cikin 100, idan aka kwatanta da irinsu marasa ita. Ɗora ta a kan babur da bai zo da ita ba aiki ne mai wuya da tsada, da wuya ya yiwu yadda ya kamata. Don haka lokacin sayen babur ne ake wannan zaɓin. Idan mutum yana tsakanin biyu, ɗaya mai ABS ɗaya mai ƙarin ado, ina roƙonsa ya ɗauki na farkon.

Saura hannun mahayi, wanda ya fi duk abin da aka lissafa tasiri. Akwai tsohuwar magana, a Amurka da nan gida duka, cewa birkin gaba yana kayar da mutum. A 1981 Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da rahoton binciken haɗarin babura 900 a yankin Los Angeles. Daga cikin abin da ya gano, yawancin mahaya idan abu ya taso suna danne birkin baya har taya ta ja ƙasa, su kuma yi wa na gaba rowa, kuma lokacin da suke da shi na kauce wa haɗarin bai kai daƙiƙa biyu ba. Abin da ke kayar da mutum shi ne fizgar birkin gaba lokaci guda, tun nauyi bai koma kan tayar ba. Yadda ake yi shi ne a fara da taɓawa, gaban babur ya ɗan sunkuya, taya ta danne ƙasa, sannan a ci gaba da ƙara matsi har a tsaya. Duka wannan cikin ƙiftawar ido yake faruwa, amma mataki biyu ne. Ƙafa kuma ta taka baya tare, tana sassautawa yayin da nauyi ke barin bayan. Ido a gaba, babur a miƙe, kuloci a matse.

Idan tayar gaba ta kulle, a saki nan take a sake kamawa. Ta baya kuwa tana da nata haɗarin: idan ta kulle har gindin babur ya karkace gefe, sakin ta kwatsam yana iya sa ta cafke ƙasa ta wurgar da mahayi ta sama. Gara tun farko kada a kai ta nan. A kan yashi ko tsakuwar da iska ke shimfiɗawa a bakin kwalta, da kuma ruwan farko na damina da ke taso da maiƙon hanya, riƙon taya yana raguwa ƙwarai, dole a rage gudu tun daga nesa. A doguwar gangara a sauko da giya inji ya riƙe babur, kada a kwanta a kan birki har ya ƙone.

Wannan ba ya zama a jiki da karatu. A nemi fili mai kwalta da babu kowa, a sa hular kwano da safar hannu, a ajiye alama a ƙasa, a fara da gudun kilomita 30 ana tsayawa, ana duba inda aka tsaya, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A daidaita hannun birki yadda gaɓar yatsu za ta kai gare shi ba tare da wahala ba, a gyara tsayin feda yadda ba sai an ɗaga ƙafa daga mazauninta ba. Duk lokacin da aka canza fad, taya ko tiyo, a koma filin nan kafin a hau babban titi, don birkin da hannu ya saba da shi ya riga ya canza. Wanda kuma yake ɗaukar goyo ya gwada da goyon a baya, domin nauyin mutum na biyu yana ƙara wa birkin baya aiki, yana kuma tsawaita nisan tsayuwa.